Ga matasanmu masu rubuta labaran aikata laifi

 Kwanakin nan matasanmu na turo mana ƙagaggun labarai don mu ɗora a wannan shafi, kuma mafi yawansu a kan sata ne, da kisa, da garkuwa da mutane. Ba mu yi mamaki ba. Yaron da ya tashi a ƙasar Bobi, ya ji labarin ɗaliban Kagara da na Islamiyyar Tegina a 2021, ya ga an kore shanun maƙwabcinsa, me kuke so ya rubuta? Muna murna da wannan yunƙuri. Sai dai akwai gyara.

Yawancin labaran da muke karantawa, tun shafin farko an san mai laifi. Baƙo ne, ko mai jajayen idanu, ko kuma ɗan wata ƙabila. Sauran labarin duk harbi ne da gudu a kan babur. Wannan ba ya buƙatar gwaninta, kuma a wuri irin namu yana da haɗari. Dukkanmu mun san yadda kalmar "infoma" take. Da zarar an jefi mutum da ita a majalisa, ko an gan shi yana waya a bayan gari, shi ke nan, mutuncinsa ya zube, wani lokaci har ransa. Hausawa sun ce zato zunubi. Marubucin da ke koya wa mai karatu cewa kamanni ko yare sun isa hujja, yana ƙara wa wutar nan itace ne ko da bai yi niyya ba.

A ganinmu, daɗin irin wannan rubutu yana wajen bin sawu. Sherlock Holmes, wanda Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya ƙirƙira a 1887, ba da ƙarfin damtse ya yi suna ba. Ƙasar da ke jikin takalmi yake dubawa, da maganar da ta saɓa wa wata. Mu ma ai muna da irinsa. Tsohon makiyayin da zai duba sawun kofato ya gaya maka shanu nawa suka wuce, da dare ko da asuba, korarsu aka yi ko kiwo suke, ya fi duk wani jami'in fim ɗin Amurka dacewa da labarinka. Haka mai unguwa, haka dillalin kara da ya san shaidar kowace saniya a kasuwar Mariga. Ka ba mai karatu alamomin da mai binciken ya gani, kada ka ɓoye masa komai, ka bar shi ya zargi mutum biyu ko uku, sannan hujja ta wanke wanda kowa ya tsana. Wanda ya karanta labari goma irin haka, zai yi wuya ya yi saurin ɗaga sanda a kan jita-jita.

Sannan ku tambayi kanku yadda laifin ke tafiya. Ɗan bindiga ba ya haƙo fetur a daji, ba ya gasa burodi, ba ya cin shanu ɗari shi kaɗai. Wa ke kai masa? Wa ke saye? A nan labarin yake. Sulaiman Ibrahim Katsina ya gane haka tun 1982 a littafinsa Turmin Danya, inda ya bi diddigin fasa-ƙwauri har zuwa ga attajirin da ake girmamawa da ma'aikatan da ke rufa masa asiri. Kafin shi, Abdulƙadir Ɗangambo a Kitsen Rogo ya nuna yadda yaron ƙauye ke shiga birni ya lalace sannu a hankali. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa, jini ya yi yawa a cikinsa, mu dai a namu ra'ayin, amma ko shi ya tsaya ya nuna inda muguntar ta samo asali. Ku nemi littattafan nan, ko aro ne.

Wani abu da ke damunmu shi ne yadda wasu ke mayar da ɗan ta'adda gwarzo: ga kuɗi, ga mata, harsashi ba ya kama shi. Ƙannenku na karantawa. Ku ba matar da ta sayar da hatsin shekara don biyan kuɗin fansa shafi biyu mana, ita ma mutum ce.

Daga yanzu, duk labarin da ya siffanta wani mutum na gari ta yadda za a gane shi, ko ya ambaci sunan ruga ko gida na gaske a matsayin maɓoyar ɓarayi, ba za mu ɗora ba. Ku ƙirƙiri sunan ƙauyenku. Waɗanda suka riga suka turo, za mu mayar musu da nasu tare da 'yan shawarwari, su gyara su sake turowa.