Kafin ka ƙara wa ordinatarka gudu, tambayi bazarar Ƙonni



Satin da ya wuce wani matashi ya tare mu bakin gidan rediyo, waya a hannu. Shekara biyu yana tara kuɗi, yayansa da ke Abidjan ya cika masa, har ya haɗa sabuwar ordinatar, kwamfuta in ji maƙwabtanmu na Najeriya. Niyyarsa ya buɗe ɗakin wasa, yara su riƙa biya suna buga ƙwallo da GTA. Abu guda ya rage masa: abin da zai sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Ya nuna mana bidiyon wani Bature da na'ura mai ruwa, fitilu na ta walƙiya, ya ce: "Malam, wagga nika so, don in yi obakulok." Munka ce masa ya dakata tukuna. Abin da munka gaya masa shi ne muke so mu maimaita a nan, don ba shi kaɗai ke da wanga buri ba.

Obakulok shi ne ka tilasta wa furosesa ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya tsara mata. Galibi sai an ƙara mata ƙarfin kuran, kuma zafin da take fitarwa yana hawa da sauri fiye da gudun da anka samu. Kowace furosesa tana da iyaka. Na Intel na zamanin nan da yawansu digiri 100 ne, Ryzen 7000 na AMD kuma yawancinsu 95. In ta kai wurin, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone.

To ga inda maganar take. Masu gwajin da muke kallo a YouTube cikin ɗaki mai sanyi suke aiki, digiri 22 ko kusa da haka. Mu kuma a Afrilu da Mayu mun san abin da ake ciki: zafi ya wuce 40, kuma ɗaki mai rufin kwano da yara goma a ciki ya fi waje zafi. Abin sanyayawa ba ya ƙirƙirar sanyi, ɗaukar zafi kawai yake ya miƙa wa iskar ɗakin. In ɗakin ya ƙaru da digiri ɗaya, furosesa ma za ta ƙaru da kusan ɗaya. Wadda ta tsaya a 80 a ɗakin Bature, in anka kawo ta ɗaki mai 42, ta kai 100 ke nan. Ka biya kuɗi don ƙarin gudu, ita kuma ta taka birki. Garin neman ƙiba an samo rama.

Wani zai ce ai mai ruwa ce, ruwa kuwa sanyi gare shi. Mu duba randar tsakar gida. Tana sanyaya ruwa ne don tana tsatsafowa, iska na busar da jikinta. Na'urar ruwa ta ordinatar a rufe take ruf, ba ta tsatsafowa. Famfo ne ke zagaya ruwan zuwa radiyata kamar ta mota, fankoki su hura mata iskar ɗakin nan dai. Ba za ta taɓa yin ƙasa da zafin ɗakin ba.

Ba mu ce ba ta da amfani ba. Mai fanka uku, wadda ake kira 360, ta fi ta iska iya riƙe manyan furosesa irin su Core i9-14900K, wadda Intel da kansa ya rubuta cewa tana iya cin wat 253. Wanda ke haɗa bidiyo dare da rana, yana da kilim a ɗaki da kuran da ba ta yankewa, ya saya, ba laifi. Amma mutum nawa ne a cikinmu haka? Kuma ranar da famfon ya tsaya, cikin ɗan lokaci injin zai kashe kansa. Ba abin da makaniken unguwa zai kwance ya gyara ba ne. Sai an aika Yamai, ko Sakkwato, ko Kano, ɗakin wasa na rufe, kuɗin haya na tafiya.

Shi ya sa ra'ayinmu, ga mai zama a yankin nan, babban abin sanyayawa na iska ya fi. Shi ne mai tsayin nan na faifan alminiyam da bututun jan ƙarfe, da fanka ɗaya ko biyu masu milimita 120 ko 140. Babu famfo a ciki, babu ruwan da zai zubo kan katmer. Abin da ke motsi fanka ce kaɗai, in ta mutu a cire a ɗaura wata. Daga cikin waɗanda anka sani akwai Noctua NH-D15, mai tsada, da Thermalright Peerless Assassin 120, wanda ya fi shi sauƙin kuɗi sosai kuma aikinsu bai yi nisa da juna ba. Cooler Master Hyper 212 ya isa ga ƙaramar furosesa, amma kar a ɗora masa babbar da anka matsa wa.

Kafin ka ba da kuɗi, duba abu uku. Ko ya dace da mazaunin furosesarka: LGA1700 ne, ko AM4, ko AM5? Ko zai shiga akwatin, don NH-D15 tsayinsa milimita 165 ne, akwatuna da yawa ba za su rufu ba. Sannan ko ba zai danne sandunan RAM ba. Wajen ɗaurawa, a ɓare ledar da ke manne a gindinsa, mutane da yawa na mantawa. Man da ake shafawa tsakani, kamar ƙwayar wake ya isa.

Sai ƙura. Wanda ke bakin babbar hanya RN1 inda manyan motoci ke wucewa, ko kusa da masana'antar siminti ta Malbaza, bai buƙatar a gaya masa. In hunturu ya shigo kuwa kowa ya samu rabonsa. Ƙura tana toshe faifan nan kamar bargo, na iska ne ko na ruwa. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a sa masa raga ta gaba, kuma a ƙalla sau ɗaya a wata a cire waya daga bango a hure shi, a riƙe fankar da yatsa kar ta juya.

Sannan kuran. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, sai a Maris 2024 ta dawo. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, tana nan tun 2018, amma har yau wanda ke da sana'ar da ta dogara da NIGELEC ya san sai da dabara. In kana kan gurup ko batir na sola, kowane wat da obakulok ya ƙara, mai ne ko caji ke tafiya. Kuɗin da za ka zuba kan fitilu da ruwa, ka sayi ondilar da regilatar masu kyau da su.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wagga matsala ba. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesa nasa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda ƙarfin kuran da ya yi musu yawa, har ya ƙara musu garanti na shekara biyu. Mu da muke saye ta hannun ɗan'uwa ko bayan iyaka, wa za mu mayar wa? Kuma garanti ba ya ɗaukar ɓarnar obakulok.

A wasanni da yawa ma katin hoto ne ke ɗaukar nauyin, ba furosesa ba, ɗan ƙarin gudun nan yaron da ke riƙe da manet ba zai gane shi ba. Furosesa mai wat 65, irin Ryzen 5 5600 ko 7600, da abin sanyayawa mai kyau, za ta yi aikin. Masu AMD na baya-bayan nan suna da Eco Mode, wanda ke rage cin kuran da zafi ba tare da asarar gudu mai yawa ba. In kuma ka dage sai ka gwada, sauke HWiNFO ka ga digirin da idonka, ka sa Cinebench ta wahalar da injin, kuma ka yi gwajin da ƙarfe 3 na rana cikin bazara. Gwajin daren Janairu yaudarar kai ce.

Matashin nan ya yi shiru, sannan ya ce: "To fitilun fa, Malam?" Munka ce fanka mai fitila ma akwai, ya sa biyu a gaban akwati yara su gani su ji daɗi. Gumin shekara biyu da taimakon ɗan'uwa ke cikin akwatin nan, ya kamata ya ga bazara biyar yana aiki.

Allah ya sa wa sana'ar matasanmu albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.