Kafin ɗan Mai Yara ya biya kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa, ya fara duba fasfonsa

Daga Mai Yara da ke gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi zuwa bakin teku mafi kusa, tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota. Amma 'ya'yan wannan yanki da neman na kai ya kai su Jidda, Istanbul, Marseille ko New York sun fara ganin wani talla a wayoyinsu: katafaren jirgin ruwa mai hawa goma da wani abu, kwana bakwai, ƙasashe huɗu, farashi kamar kyauta. Wanda ya yi shekaru yana aiki babu hutu dole ransa ya biya. Sai dai ga mai fasfon Nijar ko na Najeriya, hanyar da jirgin zai bi ita ce za ta yanke hukunci ko zai hau ko kuwa a tasha za a bar shi da jakarsa.

Kamfanonin jiragen shaƙatawa sun ɗora alhakin biza a wuyan fasinja. Idan takardar ƙasa ɗaya daga cikin waɗanda za a yada zango ta gaza, suna iya hana mutum shiga jirgin tun daga farko, ko da ya rantse ba zai sauka a can ba, kuma galibi ba sa mayar da kuɗi. Saboda haka kowace tashar da aka ƙara a jerin tafiya ƙarin ƙofa ce da za a iya rufe wa matafiyi.

A duba Bahar Rum, wadda ta fi kowace hanya cika talla. Barcelona, Marseille, Genoa da Naples duk suna yankin Schengen. Kuɗin neman bizar ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59 ta sefa, kuma ba a mayarwa idan an hana. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun watan Janairun 2024, abin da ya ƙara wa mazauna gida wahala. Akwai kuma wani tarko. Idan jirgin zai leƙa Tunis ko wata tashar Turkiyya sannan ya dawo Italiya, fasinja ya fita daga Schengen ke nan, kuma sai da biza mai ba da damar shiga sau da yawa zai koma. Mai katin zama a Faransa ko Beljiyam ya tsallake wannan matsalar, amma ba lallai ne katin nasa ya maye gurbin bizar ƙasar da ke wajen yankin ba. Haka batun yake ga tsibiran Karibiyan: jirage da yawa daga Miami suke tashi, su kuma dawo can, don haka wanda ba shi da izinin sake shiga Amurka kada ma ya fara. A can ɗin, lokacin guguwar teku yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma shi ya sa farashi ke faɗuwa a tsakanin nan.

Ga wanda ke zaune a Saudiyya ko mai zuwa Umara, Bahar Maliya ta fi dacewa da tafiyar farko. A watan Disambar 2024 jirgin Aroya, mallakin kamfanin Cruise Saudi, ya fara ɗaukar fasinja daga Jidda zuwa tashoshi irin su Sharm el-Sheikh a Masar da Aƙaba a Jodan. Ba a sayar da giya a cikinsa, abincin halal ne, akwai wuraren salla. Ga magidanci mai tafiya da iyali, ko ɗan da ke son kai mahaifiyarsa ta ga teku, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Duk da haka mai igama sai ya nemi izinin fita da dawowa, mai bizar ziyara kuma ya tabbatar ta ba shi damar sake shiga ƙasar, sannan ya bincika abin da Masar da Jodan ke nema daga mai irin fasfonsa.

Wannan teku ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Tun kafin jirgin sama, alhazai daga ƙasar Hausa suna ratsa Chadi da Darfur a ƙafa ko bisa raƙuma, su yi watanni, wasu shekaru, suna ƙwadago a hanya har su isa Sawakin, daga nan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun nausa gabas ta wannan hanyar, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda yake nan har yau. Waɗancan mutane ba su da taswirar waya, amma kafin su ɗaga ƙafa sai sun san rijiyoyin hanya da sarakunan da za su ratsa ƙasarsu. Jikansu na yau shi ma sai ya yi irin wannan tambayar. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 da hare-haren 'yan Houthi kan jiragen ruwa tun daga Nuwamban wannan shekarar sun sa manyan kamfanoni da dama sun sauya hanya daga kudancin Bahar Maliya. Kamfani yana da ikon soke tasha ko canza ta, kuma wannan na rubuce a cikin yarjejeniyar da mutane ke amincewa da ita ba tare da sun karanta ba.

Tsawon tafiya ma abin lura ne. Wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne tabkin damina ko gulbin Maraɗi bai san yadda cikinsa zai karɓi kaɗawar teku ba. Kwana uku ko huɗu sun isa gwaji. Idan jiri da amai suka kama shi, wahalar gajera ce. Idan ya ji daɗi, gaba ta fi baya yawa. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi rage kaɗawa. Ya kuma zaɓi hanyar da ta fara ta ƙare a tasha ɗaya, domin kuɗin jirgin sama ya yi sauƙi, bizar da zai nema ta ragu. Ya isa garin kwana ɗaya kafin tashi, domin jirgin ruwa ba motar tashar Dakoro ba ce da ke jiran cika. A tashoshin hanya ma haka ne: wanda ya shagala a kasuwa ya makara, shi zai nemi yadda zai riski jirgin da kuɗin aljihunsa. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara kuma yana hannu, domin ƙasashe irin su Masar da Saudiyya suna nemansa daga masu fitowa daga Nijar da Najeriya.

Farashin talla kuwa somin taɓi ne. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ƙarawa a kan kowane fasinja kowace rana, akwai kuɗin intanet, na zagaya gari idan an sauka, da na likitan jirgi wanda ba ya arha. Mai hankali zai tara duk wannan a takarda kafin ya tura ko dala ɗaya, ya kuma saya kai tsaye daga kamfanin ko ejan mai ofis da rajista. Masu damfarar da suka daɗe suna cin kuɗin maniyyata ba za su ƙi wannan sabuwar kasuwa ba.

Wasu za su ce maganar yawon shaƙatawa a teku ba ta dace da yankin da ke fama da tsadar hatsi ba, kuma a kan wannan Bahar Rum ɗin ce Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga mutum sama da 30,000 da suka mutu ko suka ɓace tun 2014 a ƙoƙarin tsallakawa Turai. Wannan magana tana da nauyi. Wanda rumbun gidansu a Mai Yara ya ƙare kafin kaka, kuɗinsa na da inda ya fi cancanta. Amma wanda ya sauke haƙƙin iyaye da na iyali bai yi laifi ba idan ya huta da guminsa. Asarar da za ta fi ciwo ita ce ya tara kuɗin shekara guda, ya miƙa wa kamfani, a juyo da shi daga bakin jirgi saboda hatimi ɗaya da bai nema ba. Tafiya gajera, tashoshi kaɗan, kowacce da bizarta a hannu: da wannan ya kamata ɗan Mai Yara ya fara sanin teku.