Wutar da Muke Tsinewa, Ita Ce Maganin Gobara

Duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Koko da daddare a watan Fabrairu ko Maris, ya san jan layin wutar nan da ke tafiya a dajin Maiyama kamar an ja shi da igiya. Washegari sai baƙin toka da kututture masu hayaƙi. Daga nan hukuma ta fito a rediyo da maganar da muka haddace: an haramta ƙona daji, wanda aka kama zai ɗanɗana kuɗarsa. Shekara nawa ana wannan shela? Dajin bai fasa ci ba. Ni a ganina wannan haramci na bai-ɗaya yana cikin abin da ke hura gobarar.

Wuta ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka sa a ƙarshen kaka, wajen Nuwamba, lokacin da gamba ke da sauran ɗanyanta kuma raɓa na sauka, ba ta da ƙarfi. Takan ci nan ta tsallake can, dare na yi ta mutu da kanta, ta bar fili-fili da wata wuta ba za ta iya ƙetarawa ba. Wadda ta tashi bayan hunturu ya busar da komai kuwa, iska na kora ta, tana hawa bishiya, ta kashe 'yan tsiron kaɗanya da ɗorawa, ta babbake furen manyan, ta faɗa gonaki ta cinye kara da harawar da manomi ya jibge wa dabbobinsa. Idan ka hana ta farko, ka tara wa ta biyu abinci ke nan. Kuma ita ta biyun ba ta neman izinin kowa: mai farautar gafiya, mai ɗiban zuma, ko guntun taba daga tagar mota sun isa.

Ba sabon ilimi ba ne. Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda ya fi kusa da mu ta kudu, an haɗa shi ne daga dajin Borgu da na Zugurma a ƙarshen shekarun 1970, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Ma'aikatansa sun daɗe suna ƙuna da wuri da gangan, don kare dajin daga gobarar bazara, don ciyawa ta yi toho namun daji su samu kiwo, har ma don baƙi masu yawon buɗe ido su iya hango dabbobi. A arewacin Ostireliya, a yankin Arnhem, tun 2006 ake biyan 'yan asalin ƙasar kuɗi su koma ƙunar da kakanninsu ke yi a farkon rani, saboda an gane ita ke rage babbar gobara. Su ana biyansu. Mu kuma Bafulatanin da ya yi haka don shanunsa su samu toho, sunansa mai laifi.

Wani zai ce a mai da dazuzzukanmu gandun ƙasa mana, a zuba masu gadi. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandaye 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina, Kebbi ba ta samu ko ɗaya ba, kuma na ji masu ƙorafi a kan haka. Kafin mu yi kuka, mu dubi Kainjin. An ja iyaka, an ce makiyayi da mafarauci da mai saran itace su tsaya waje, aka bar wannan ƙasaitaccen daji a hannun ma'aikata ƙalilan. Yau wa ke kai iyalinsa sansanin kogin Oli ya kwana? 'Yan bindiga sun samu mafaka a ciki. Haka Kamuku a Birnin Gwari, haka gandun W da ke bayan Gaya, tsakanin Nijar da Binin da Burkina Faso. Ban ce iyakar ce ta haifi ɓarayi ba. Amma dajin da mutanen gefensa ba su da rabo a cikinsa, ba su da dalilin tashi da dare su kashe wutarsa, balle su kai rahoton baƙuwar fuska.

Abin da ya kamata bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama ba. Da an gama kwashe amfanin gona, uban ƙasa ya zauna da hakimai da arɗo da sarkin dawa da malamin daji, a sa rana, a share hanyar tare wuta kewaye da gonaki da rumbuna, a ƙona inda aka yarda da yamma in iska ta kwanta. Wanda ya sa wuta bayan wannan wa'adi, shi doka za ta hau, kuma gari ne zai nuna shi, don kowa ya san abin da aka yi alkawari a kai.

Sai batun bayan gobara, wanda ba wanda ke maganarsa. Gamba na tsirowa daga saiwa, amma in garke ya sauka a kan tohon farko ya kwashe, ya dawo ya sake kwashewa, saiwar mutuwa take, fili ya koma na sabara da tsakuwa. Bishiyar da wuta ta lasa kuma sau da yawa da ranta, sai mai gawayi ya riga damina zuwa ya ce ai ta mutu. Wurin da ya ƙone yana bukatar hutun damina guda, ba kiwo ba gatari. Wannan ya fi bikin dashen itatuwa da ake yi gaban kamara, a watse akuya ta gama da su kafin sati.

Jami'ar kimiyya da fasaha tana nan Aliero tun 2006. Hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna inda wuta ta tashi kowace rana kyauta suke a intanet. Ɗalibai goma da waya a hannu za su iya fitar da taswirar inda dajin ƙananan hukumomin nan uku ke ci da watan da yake ci, su miƙa wa iyayen ƙasa kafin Nuwamba mai zuwa.