Ƙanƙararsu da Hunturunmu: Kowa da Irin Sanyinsa

 

Duk shekara idan Janairu ta kama, hotunan garuruwan Turawa kan cika wayoyinmu: motoci sun nutse cikin dusar ƙanƙara, rufin gidaje fari fat, yara na ta jifan juna da curin ƙanƙara suna dariya. Har mukan ji wasu na cewa ina ma a ce a Kano ne. To, kafin mu yi wannan fata, ya kamata mu san abin da hoton bai nuna ba, domin a ciki akwai darasin da ya shafe mu, mu 'yan Kumbotso da Kura da Bunkure.

Ba kowace saukar ƙanƙara ake kira guguwa ba. A ƙa'idar hukumar kula da yanayi ta Amurka, sai abu uku sun haɗu: iska mai gudun kilomita 56 a awa ko fiye, da dusar da ta hana mutum ganin abin da ya wuce tazarar mita 400, sannan a ɗauki aƙalla awa 3 a haka. A irin wannan hali mutum kan ɓata tsakanin ƙofar gidansa da bakin titi.

Me ya sa garuruwan gaɓar teku suke ɗanɗana kuɗarsu? Dalilin shi ne ruwa ya fi ƙasa riƙe ɗumi. Idan lokacin sanyi ya yi, busasshiyar iska mai tsananin sanyi kan gangaro daga Kanada, ta yi karo da iska mai ɗumi da laima da ke saman Tekun Atilantika. Mai ɗumin ta fi sauƙi, sai ta hau sama, laimarta ta daskare, ta zubo a matsayin dusa. Karon nan shi ke haifar da guguwa mai kaɗowa daga arewa maso gabas, wadda ba ta tsaya ga zubar da ƙanƙara ba, har ruwan teku take turowa cikin gari. Ga sanyi, ga ambaliya.

A watan Maris na 1888, irin wannan guguwa ta afka wa birnin New York da maƙwabtansa. Sama da mutum 400 suka rasu, jiragen ruwa wajen 200 suka kife ko suka maƙale, jiragen ƙasa suka tsaya cak, wayoyin sadarwa suka tsittsinke. Abin da ya biyo baya shi ne abin koyi: sai suka shiga binne wayoyinsu a ƙasa, kuma guguwar na cikin dalilan da suka ƙarfafa gina jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a birnin a 1904. A Fabrairun 1978 wata ta sake sauka a yankin Boston, ta kashe mutum kusan 100. Wasu daga cikinsu ba sanyin ne ya kashe su ba. Motocinsu ne suka maƙale a hanya, suka bar inji a kunne don su sami ɗumi, ƙanƙara ta toshe salansa, hayaƙi ya dawo ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu a nan ƙanƙara irin wannan ba ta sauka, domin muna kusa da tsakiyar duniya, sanyinmu ba ya kaiwa ga daskarar da ruwa, iskarmu kuma a wannan lokaci ba ta da laima. Sai dai abin mamaki, hunturunmu ma daga arewa maso gabas yake kaɗowa. Bambancin shi ne tasu iskar ta ratso teku ta ɗebo ruwa, tamu ta ratso Sahara ta ɗebo ƙura. Mafi yawan ƙurar daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Chadi, wurin da a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Iska kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi busasshiyar laka ta yi sama da ita. Masana sun ce babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura, har wani kasonta kan tsallaka teku ya sauka a dajin Amazon. Ke nan ƙurar da muke sharewa a kan benci da safe matafiyiya ce, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ta iso ajinmu.

Ɗarin asuba kuwa, ga inda yake fitowa: busasshiyar iska ba ta riƙe zafi. Da rana ta faɗi, ɗumin da ƙasa ta tara sai ya tsere sama, babu gajimaren da zai tare shi. Da rana kuma hazo ya rage kaifin hasken. Shi ya sa a Janairu awon zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 da dare a Kano, wani lokaci ma ƙasa da haka. Masu shirin WAEC da NECO, ga amsar tambayar labarin ƙasa nan a ƙofar gidanku.

Kada kuma mu ɗauki hunturu abokin gaba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke bin magudanai yana shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Amma ruwa kaɗai ba ya yin alkama, sai da sanyi. Shi ya sa manomi ke hanzarin shuka daga tsakiyar Nuwamba, don alkamar ta yi 'ya'ya kafin zafin Maris ya kawo kai. Wanda ya makara, zafi zai riski zangarniya tana tsakar cika, ƙwayar ta motse. Tumatir ma ya fi ɗaura 'ya'ya idan dare na da sanyi. Motocin da muke gani suna lodi a Kwanar Gafan za su Legas, hunturu na da hannu a kowane kwando. Da yawa cikinmu da kuɗin wannan noman rani ake biya mana kuɗin makaranta. Idan ka ji baba na cewa bana sanyi ya yi kyau, ba wasa yake ba, lissafi yake yi.

Yanzu mu koma kan waɗancan motoci na Boston. Abin da ya kashe mutanen cikinsu wata iska ce mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Wannan gubar ita ce garwashi ke fitarwa idan aka shigar da kasko ɗaki aka rufe ƙofa da taga. Ita ce kuma janareta ke fitarwa idan aka kunna shi a soro ko a lungun da iska ba ta ratsawa. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, amma mai barci ba ya jin ko ɗaya. Bature a motarsa da Bahaushe a ɗakinsa, abu guda suke nema, wato ɗumi, kuma tarko guda ke jiran su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ga abin da za mu riƙe a wannan hunturu. Kada a kwana da garwashi a ɗaki, a sha ɗumi a waje, a kashe wutar da ruwa kafin a kwanta. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka fara ciwon kai lokaci ɗaya, a buɗe ƙofa a fita nan take, a nufi asibiti. 'Yan makarantar kwana, ku rabu da jona hita a ɓoye don dafa ruwan wanka, domin komai a bushe yake, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗakin kwana da littattafan shekara uku. Masu amosanin jini da masu asma, ku dage da rigar sanyi da safa da takunkumi, ku yawaita shan ruwa ko ba ku ji ƙishi ba, domin sanyi da bushewar jiki na tayar da ciwon sikila. Masu tsallaka titin Kano zuwa Zariya da sassafe, ku tuna cewa a cikin hazo direba ba ya hango ku sai ya zo dab. Man kaɗanya kuwa, shi ne maganin kaushi da faso tun zamanin kakanni.

Saura abu ɗaya, wanda ya fi sauran nauyi. Ɗumin jikin ɗan'adam digiri 37 ne, idan ya sauka ƙasa da 35 rai na cikin haɗari, kuma ƙananan yara da tsofaffi su suka fi saurin kaiwa can. A unguwanninmu akwai almajiran da ke kwana a soro ko a rumfar kasuwa da 'yar riga ɗaya. Kowannenmu na da rigar sanyin da ta yi masa kaɗan tana kwance a ƙasan akwati. Me zai hana kowane aji ya ajiye kwali guda a ofishin malamin aji, a tara, ranar Juma'a a kai tsangayar da ta fi kusa? Ba sai mun jira gwamnati ko wata ƙungiya ba.

Mutanen New York sun sha wuya sau ɗaya, suka gyara garinsu. Mu hunturu ba ya zo mana ba zato, mun san watansa, mun san halinsa, rigakafi kuwa ya fi magani. Duk ajin da ya tara kwalinsa, ya rubuto mana, za mu ambaci sunan makarantarsa a wannan fili. Allah ya ba iyayenmu albarkar noman rani, ya tsare mu daga gobara. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.