Bindigar Kaka, Dalmar Jika

Akwai wani labari da ba ya tsufa a mujallun mafarautan Amurka irin su Field & Stream da Outdoor Life, wato labarin bindigar farko. Yaro ya gama da 'yar ƙaramar bindiga mai lamba .22 wadda yake harbin zomo da kurege da ita, ya kai shekara goma sha biyu ko sha huɗu, sai uba ko kaka ya miƙa masa ta manya, galibi Winchester 94 mai cin harsashin .30-30, ko Remington 700 mai cin .30-06. Daga nan sai a shiga ɗakin ajiya da dare, tsoho ya koya wa yaro yadda ake ɗura harsashi da hannu. Labari ne mai daɗi, kuma ba ni da ja da shi. Abin da nake ja da shi shi ne yadda aka mayar da wannan labari garkuwa, ana kare dalma da shi.

Bari mu fara da yadda abin yake, domin wanda bai sani ba. Harsashin babbar bindiga kashi huɗu ne: kwanson tagulla, da 'yar ƙyastun da ke zaune a tsakiyar gindinsa, da albarushi, da kan da ke fita ya sami dabba. Tunda ƙyastun a tsakiya take, ana iya cire wadda ta ƙone a sa sabuwa, a mayar da kwanso yadda yake, a auna albarushi a zuba, a dasa sabon kai. Kwanso ɗaya sai ya yi aiki sau da yawa. Harsashin .22 kuwa a gefen gindinsa wutar take, in an harba shi ke nan. Shi ya sa samun babbar bindiga yake buɗe wa yaro ƙofar wata sana'a ta haƙuri da awo, inda ake auna albarushi da ma'aunin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, ana rubuta komai a littafi.

To ga inda gizo ke saƙar. Kan harsashin da aka gada dalma ce a ciki, an lulluɓe ta da siririn jan ƙarfe. In ya daki barewa da irin gudun da yake yi, ba ya tsayawa a dunƙule, yakan farfashe. Hotunan asibiti da aka ɗauka na dabbobin da aka harba sun nuna gutsattsarin dalma, wani lokaci ɗaruruwa, sun bazu nesa da inda harsashin ya bi, wasu ido ma ba ya ganinsu. Mafarauci ya farke dabbarsa a daji, ya bar kayan ciki a nan, ya tafi da nama gida. Kayan cikin na mikiya da ungulu ne. Naman kuma na iyali.

Ungulun Kalifoniya, wadda ake kira kondo, ta kai ga saura 22 kacal a duniya a 1982. Zuwa 1987 an tattara 27 da suka rage gaba ɗaya, aka yi ta kiwonsu a killace kafin a soma sakinsu. Har yau gubar dalma ce kan gaba a abubuwan da ke kashe waɗanda aka saka. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan mikiya 1,210 daga jihohi 38, aka tarar kusan rabinsu suna ɗauke da alamun daɗaɗɗiyar gubar dalma a ƙashinsu. A 2008 kuma jihar Dakota ta Arewa ta dakatar da rabon naman farauta da ake bai wa mabuƙata sadaka, bayan da wani likita, wanda shi kansa mafarauci ne, ya gano gutsattsarin dalma a cikin niƙaƙƙen naman.

Mu ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan dalma ba. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ba na cewa abin da ke cikin tsokar barewa ya kai wannan, ko kusa bai kai ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa a jinin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta taɓa ba ya dawowa. Uban da ya san haka ya ci gaba da ɗora wa 'ya'yansa naman a faranti, da sunan haka kakansa ya yi, ya saka wa kakan da abin da bai dace ba. Kakan bai sani ba ne. Shi kuwa ya sani.

Me masu kare dalma ke cewa? Ƙungiyar NRA da ƙungiyar masana'antun makamai ta NSSF suna kiranta harsashin gargajiya, suna cewa hana ta matakin farko ne na hana farauta baki ɗaya. An yi wannan kukan kafin 1991, shekarar da Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da ƙwayoyin dalma a faɗin ƙasar. Yau fiye da shekara talatin ke nan, ana nan ana farautar agwagi. Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yulin 2019, ana nan ana harbin barewa. Denmark ta hana ƙwayoyin dalma tun 1996, farauta ba ta mutu ba a can.

Ita kanta gargajiyar, wacce ake nufi? Harsashin .30-30 da ake yi wa kirari ya fito ne a 1895, kuma yana cikin na farko da suka watsar da baƙin albarushi mai hayaƙi suka koma marar hayaƙi. Wato kakan da ake fakewa da shi ɗan zamani ne a lokacinsa. Ya ga abin da ya fi, ya ajiye na ubansa ya ɗauka. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jikan da ya ƙi canji da sunan kaka, rarrafe yake yi.

Sai maganar tsada, wadda ita ce mai ɗan nauyi. Gaskiya ne kan harsashi na zallar jan ƙarfe ya fi na dalma kuɗi, kuma gaskiya ne wasu tsofaffin bindigogi sai an sha wahala kafin a gano wanda ya dace da su. Amma harsashi nawa mai farautar barewa ke harbawa a kan dabba a shekara? Ɗaya, biyu, in ya yi yawa biyar. Wanda ya sayi lasisi, ya zuba mai ya tuƙa mota mai nisa, ya sayi madubin hange, ba wannan ɗan bambanci ne zai karya shi ba. Kuma ba sabon abu ba ne da za a ce ba a gwada ba. Kamfanin Barnes yana sayar da kan jan ƙarfe tun 1989, har akwai mai faffaɗan baki wanda aka yi domin irin tsohuwar Winchester ɗin.

A nan ne nake ganin mai ɗura harsashi da hannu ya fi kowa rashin uzuri. Wanda ke sayen kwali a kanti zai iya cewa abin da ya tarar ya saya. Shi kuwa kowane kashi daban yake saye, shi ke zaɓa. Abu ɗaya cikin huɗu ake roƙon ya canza, ya koma littafin awo ya sake gwaji, aikin da dama shi ne abin alfaharinsa. Mutumin da ba ya yarda da zato a kan ma'aunin albarushi, ta yaya zai ga hoton dalma a cikin nama ya ce siyasa ce?

Siyasar kam ta shiga. A ranarsa ta ƙarshe a ofis cikin Janairun 2017, shugaban hukumar kifi da namun daji ta Amurka, Dan Ashe, ya ba da umarnin a janye dalma sannu a hankali daga filayen hukumar. Ranar 2 ga Maris, ranar da Ryan Zinke ya kama aikin sakataren cikin gida, ya soke umarnin. Daga nan zancen ya tashi daga lafiyar yara da tsuntsaye ya koma na jam'iyya, kowa ya ja tunga.

Amma kada a ɗauka duk mafarauta haka suke. Tun 1937, a ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson, harajin bindiga da harsashi ne ke ɗaukar babban kaso na kuɗin kula da namun daji a Amurka. A jihar Arizona kuma, tun 2005 hukuma ke raba wa masu farauta a yankin Kaibab harsashin da ba dalma kyauta, ba tare da tilas ba, kuma mafi yawansu sun karɓa, ko kuwa sun riƙa kwaso kayan cikin dabba su fito da su daga daji. Waɗannan su ne magadan kaka na gaskiya.

Mu nan mun ga yadda ungulu ta ɓace daga mahautanmu, duk da dai dalilan namu daban ne, kuma sai da ta tafi muka lura. Su can suna da hujja a hannu, suna da madadi a kanti, suna da lokaci. A riƙe bindigar kaka, a shafa mata mai, a ba jika labarinta, a koya masa awo da haƙuri. Dalmar kawai ake cewa a bari, kuma ba ta taɓa zama cikin abin da ya sa labarin ya yi daɗi ba.