Ɗan soja ɗan wane gari ne?

Duk wanda ya tashi daga Katsina zai je Jibiya, sai ya wuce ta gaban barikin Natsinta. Daga nan har Magama, bakin iyakarmu da Nijar, shingaye ne ɗaya bayan ɗaya: na soja, na 'yan sanda, na kwastan, na jami'an shige da fice. Direbobi sun gaji da su, 'yan kasuwa suna kuka da su, kuma kukan nasu yana da dalili. Sai dai kaɗan ne a cikinmu ke tuna cewa sojan nan da ke tsaye bayan buhunan yashi, rana na dukansa, yana da mata da 'ya'ya. A kansu nake son mu yi magana a wannan makon.

Wanda aka turo fagen daga ba ya zuwa da iyali. Yana barin su a bariki, ko a Natsinta, ko Giginya a Sakkwato, ko Bukavu a Kano, ko can Ikeja a Legas. Idan ka bincika gidan tsohon saje, ba abin mamaki ba ne ka tarar an haifi babbar 'yarsa a barikin Maimalari na Maiduguri, mai bi mata a Jaji, auta kuma a Fatakwal. Ciki ɗaya, mahaifa uku. Tambayar nan da Bahaushe ke yi wa baƙo da zarar an gama gaisawa, "Kai ɗan ina ne?", ita ce tambayar da ta fi yi wa waɗannan yara nauyi.

Wanda ya taɓa ganin ranar tashi a bariki ba zai manta ba. Takardar canjin wurin aiki ta fito, babu shawara, babu "bari yara su gama zango". Mota ta tsaya a ƙofar gida, an naɗe katifa an ɗaure da igiya, an jera tukwane cikin baho, ga akwatin ƙarfe mai ɗauke da lambar maigida. Uwar gida ta zaga kasuwar mami tana biyan bashi tana karɓar nata, ta nemi Magajiya, shugabar matan bariki, a san yadda za a yi da zubin adashin da bai zagayo kanta ba. Yaro ɗan aji huɗu yana tsaye da takardar barin makaranta a hannu, yana kallon abokan wasansa, ya san da wuya su sake haɗuwa. Bayan 'yan shekaru a maimaita.

Abin ya samo asali tun da nisa. Rundunar sojan Nijeriya tana ƙirga tarihinta daga 1863, lokacin da Bature John Glover ya tara wasu 'yan Hausawa a Legas ya ba su bindiga. Tun daga nan soja ke yawo, iyali na biye. Wasu daga cikin mazauna zangunan Hausawa na Gana jikokin irin waɗannan sojoji ne. Sunayen barikokinmu ma shaidar tafiya ce: Chindit na Zariya da Kalapanzin na Kaduna daga yaƙin Bama suka samo suna, Bukavu kuma daga Kwango. A cikin wannan cuɗanya aka samu Barikanci, Hausar da Tibi da Angas da Bachama da Babarbare suke fahimtar juna da ita. Yaron da ya tashi a nan yakan ji harsuna uku ko huɗu, ya ci tuwon Sallah a gidan maƙwabci Musulmi, ya ci shinkafar Kirsimeti a gidan Kirista. Irin ɗan ƙasar da shugabanni ke ta wa'azin a samu, bariki ta daɗe da haifar da shi.

Amma ranar da wannan yaro ya girma ya nemi gurbin jami'a, ko tallafin karatu, ko aikin gwamnati, ko ma ya so ya gaji ubansa a aikin soja, sai a ce ya kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Garin da aka haife shi ya ce shi baƙo ne. Garin da ya yi firamare ya ce bai san shi ba. Sai ya kama hanyar ƙauyen kakansa, inda bai fi sau ɗaya ko biyu ya taka ba, ya tsaya gaban mai unguwa da dagaci yana lissafo sunayen kakanni, wani lokacin ma harshen garin ba ya ji. A gaya masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, shi ya bar gida ne? Ƙasa ce ta ɗauke ubansa. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambanci saboda asali a sashe na 42, amma tsarin rabon gurabe ya jingina komai a kan takardar asali. Mutane da yawa suna faɗawa cikin wannan rami, sai dai na ɗan soja ya fi ciwo, domin gwamnatin da ta raba shi da garinsu ita ce ke tambayarsa ina garinsu.

Ina ganin babu garin da ya kamata ya fahimci wannan kamar Jibiya. Bayan jihadin ƙarni na 19, sarakunan Katsina na dauri sun koma arewa suka kafa mulki a Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Turawan Ingila da Faransa suka zo suka ja layi a tsakani, amma mutumin Jibiya yana da goggo a Ɗan Isa, yana da suruki a Madarumfa. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aure da suna da gaisuwar mutuwa ba su tsaya ba. Mutanen nan sun fi kowa sanin cewa takarda ba ta iya faɗin iyakar inda mutum yake da gida.

Sun kuma san zafin rabuwa da gida. A watan Maris na 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, mata da yara suka kwararo cikin garin Jibiya, suka fake a makaranta. A yankin Shimfiɗar nan ne 'yan bindiga suka yi wa sojoji kwanton ɓauna a watan Yulin 2020, suka kashe da dama. Kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta dama a ranar ya bar wani a baya. Gidan bariki kuwa na mai aiki ne. Idan maigida ya rasu, ba da jimawa ba matarsa za ta kwashe yara ta ba wani ɗaki. Ta nufi ina? Marayan da ubansa ya zubar da jininsa a dajin Jibiya ba shi da haƙƙin ko takarda ɗaya a Jihar Katsina.

Na san za a ce guraben 'yan asalin gari ba su ishe su ba, balle a ƙaro wasu. Na san kuma akwai masu jin haushin masu kaki saboda abin da ake yi musu a hanya. Wanda ya karɓi na goro a shinge a hukunta shi, amma ɗansa da ke aji uku bai karɓi kuɗin kowa ba. Batun gurabe kuwa, ba a ce a ba yaron nan gari biyu ba. A ba shi zaɓi ɗaya kawai: ko garin ubansa, ko garin da aka haife shi, ko wanda ya fi daɗewa a cikinsa, rundunar soja ta tabbatar da hakan a rubuce. Majalisar Dokokin Jihar Katsina za ta iya fara wannan ga yaran da suka tashi a Natsinta da marayun waɗanda suka rasu suna tsaron jihar, ba sai ta jira Abuja ba. Ita kuma rundunar ta riƙa daidaita tashin iyali da ƙarshen shekarar karatu a duk inda hali ya yi, ta kuma tabbatar matar mamaci ta karɓi haƙƙin mijinta kafin a ce ta fita.

Su ma iyaye sojoji da nasu nauyin. Zumunta a ƙafa take. Hutun Sallah ɗaya a garin kakanni, da koya wa yaro harshen gidansu, suna rage masa wahalar gobe. Mu kuma da muke zaune a garuruwanmu, mu daina kallon yaran bariki a matsayin marasa tushe, mu gayyaci iyayensu mata biki, mu je musu gaisuwa idan an yi rashi. Muna roƙon a ƙaro sojoji domin mu koma gonakinmu, mu kwana a gidajenmu. Ba adalci ba ne mutum ya tsare mana garinmu da ransa, ɗansa kuma ya rasa garin da zai kira nasa.