A Fara Da Matsala, Sa'an Nan Ƙa'ida

Tun shekarar 1916 da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, lissafi ne ke riƙe da ita. Fataken goro da dillalan shanu sun daɗe suna ƙulla ciniki bisa bashi da amana, yau kuma ga 'yan canji. Yaron da ya tashi a nan yakan san goro ɗari ne ƙwarya tun bai iya rubuta sunansa ba. Abin takaici, yaron nan da ba a iya ƙwararsa a kasuwa, in ya kai aji huɗu aka rubuta masa lissafin rabawa a allo, sai ya yi tsuru-tsuru.

Laifin hanyar koyarwa ne. Sau da yawa malami yakan rubuta ƙa'ida, yara su haddace, su maimaita, ba wanda ya san amfaninta. Daga aji huɗu zuwa shida kuwa, inda ɓangare da kashi cikin ɗari ke shigowa, hadda kaɗai ba ta kai yaro.

Kamata ya yi malami ya fara da matsala. Falke ya sayi goro ƙwarya 12, ɗaya bisa goma ya lalace a hanya: nawa ya rage, nawa kuma zai sayar don kada ya faɗi? A bar yara su yi gardama, su zana, su ƙirga da tsakuwa, kowa ya faɗi hanyar da ya bi ya kai ga 1,080. Sa'an nan malami ya fid da ƙa'idar daga aikinsu. Haka zakka, watau ɗaya cikin 40 na kuɗi, da rabon gado, duk darussa ne da ke ƙofar gida.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Littafin aljabara da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 cike yake da matsalolin ciniki da na gado.

Yammacin Nijeriya ya fara ilmin firamare kyauta tun 1955, ƙasa baki ɗaya ta bi a 1976. Amma buɗe makaranta daban, gamsar da iyaye daban. Uban da ya ga ɗansa ya shekara biyar a aji bai iya fid da riba daga uwar kuɗi ba, ba wuya ya mai da shi rumfa.

Saboda haka lalle ne hukumar ilmin firamare ta Jihar Oyo ta horar da malamai kan wannan hanya, shugabannin Sabo kuma su kusantar da 'yan kasuwa ga makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.